Shawarwarin da Manoma Suka Bayar kan Tallafin Noma

A tattaunawar da manoman ƙaramar hukumarmu suka yi kan tallafin gwamnati, shawarar da aka fi nanatawa ita ce manomi ya tabbatar ko abin da ake miƙa masa kyauta ne ko bashi kafin ya dangwala hannu a takarda. Dattawa sun tuna shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, wanda mutane da yawa suka ɗauka rabon gwamnati ne, alhali rance ne da ake biya bayan girbi, har wasu suka shiga rigima da ƙungiyoyinsu.

An daɗe kan batun rajista. An ba da shawarar cewa sunan da ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da lambar shaidar banki (BVN) da layin waya ya zama iri ɗaya, kuma layin ya kasance na manomin kansa, domin tun shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya mai suna GES na 2012, lokacin da ake turo wa manomi saƙon waya na karɓar buhu biyu na taki a rabin farashi, an ga yadda mai amfani da wayar maƙwabci yake rasa rabonsa. A ganina nan ne ƙaramin manomi ya fi cutuwa, musamman mata.

An kuma gargaɗi jama'a kada su biya kowa kuɗin sanya suna, kada su sayar wa dillalan da ke jira a bakin rumbu takinsu, kuma ƙungiya ta matsa a kawo kaya kafin ruwan shuka ya sauka.