Neman shawara: in sayar da PS3 ɗina in sayi babbar salula, ko in riƙe kayana?

Tela daga Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da PS3 siririya, wato injin gem na Sony da ake jonawa a talabijin, da manet biyu da ake riƙewa a buga, kuma abin da nake bugawa a kai kusan ɗaya ne: gem ɗin ƙwallo PES 2013. Na san wasu za su yi dariya. Ni dai a wurina ba a sake yin gem ɗin ƙwallo da ya kai shi ba, fas ɗinsa yana tafiya inda ka aike shi, kuma Master League ɗinsa, inda kake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka, shi kaɗai ya ishe ni hira bayan na rufe shago. Har Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, na haɗa da hannuna a wurin gyaran 'yan wasa, da Maazu a gaba da Kassali a gola, saboda tunawa da shekarun da muka je kofin Afirka, 2012 da 2013.

Matsalar ita ce fadarmu ta watse a zaune. Da, in an ɗora shayi, manet ke zagayawa, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba. Yanzu kowa ya dunƙule kan salularsa, rabi Free Fire na harbe-harbe, rabi eFootball na ƙwallo, ni kuma an maida ni tsohon yayi. Wani ya taya injin da kuɗi masu ɗan dama, in na haɗa da abin da na tara zan iya sayen salula mai ƙarfi in bi sahu. Sai dai ban son gem ɗin harbe-harbe, kuma buga ƙwallo da shafa gilashi bai taɓa yi mani daɗi ba. Mi kuka gani?

Ɗan Sabon Gari:
Yaya, sayar kawai. Gem ɗin da Ronaldo ke Real Madrid har yanzu? Ai wannan tarihi kake karantawa.

Mai gyaran salula, babbar kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari in yi maka magana ta wanda ake kawo wa gawar salula kullum. Abin da samari ba su lissafawa shi ne zafin garin nan. A watan Afrilu da Mayu Maradi na wuce digiri 40, ga gem yana gasa salula daga ciki, ga mutum ya jona caji yana bugawa don kada ta mutu a tsakiyar wasa. Zafi uku ke nan a kan batiri ɗaya. Shi ya sa kake ganin bayan salula ya ɗaga, batiri ya kumbura, wani lokaci har ya ture gilashi. Kuma salular ita ce lambar kwastomominka, ita ce WhatsApp ɗin da ake turo maka samfurin ɗinki. In PS3 ta lalace wasa ne ya tsaya, in salula ta lalace sana'a ce ta tsaya.

Sannan kuɗin ba ya ƙarewa ranar saye. eFootball na salula yana neman intanet ko da kai kaɗai za ka buga da kwamfuta. Wasan kansa ba ya cin forfe, wato data, sosai, sabuntawa ce ke cinyewa, kuma ba ka da zaɓi, in ba ka sauke ba ba za ka shiga ba. Ga rezo: injunan da ke haɗa 'yan wasa suna nesa da mu, sai ka danna fas, ɗan wasanka ya yi tunani kafin ya bayar. Mutum irinka da ke yabon PES 2013 saboda fas yana zuwa kan lokaci, wannan jinkirin zai hana ka barci.

Ita PS3 ma ba waliyya ba ce. Ƙurar hunturu ce ajalinta. Ka sa a buɗe ta a share fanka, a canza man da ke tsakanin injin da abin sanyaya shi, kada ka aje ta kan katifa ko cikin kabad. Siririyar, wadda Sony ta fitar a 2009, ta fi ta farko mai ƙiba ta 2006 jure zafi, don haka kana da mai kyau a hannu.

Ɗalibi, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Ni ɗan Free Fire ne, kuma ina ga ba a yi mana adalci a nan. Malam tela, ba harbin ne ya ja abokanka ba. Mutum 50 ake saukewa a tsibiri, cikin minti goma an gama, kuma ku huɗu kuna magana da juna a kunne. Yayana yana aiki a Agadas, ɗan baffanmu yana karatu a Katsina, amma da dare ƙungiya ɗaya muke. PS3 ba za ta ba ni wannan ba. Kuma tun da kamfanin Garena ya fitar da shi a 2017 an gina shi ne don ƙananan saluloli, shi ya sa ya fi PUBG, wani gem irinsa, yaɗuwa a wurinmu. Wato ba ka ma buƙatar babbar salula don ka gwada. Sauke shi a wadda kake da ita, ka buga mako ɗaya da 'yan fadarku. In bai shige ka ba, ba ka yi asarar komai ba sai forfe.

Nawa ra'ayin da ba a so a ji: masu zuba kuɗi a diyaman, kuɗin cikin gem da ake sayen kaya da shi, yawancinsu ba su iya ba. Gaskiya ne wasu kayan da ake saye suna ƙara wa bindiga ɗan ƙarfi, amma na sha ganin mai kayan jaka ashirin a jiki ya faɗi a hannun yaron da bai taɓa sa dala ba.

Mai gidan gem, unguwar Zariya:
Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan uwa. Ni da wannan sana'ar nake ci, kuma har gobe akwai masu shigowa su wuce PS4 su ce a kunna masu tsohon PES. Ba kai kaɗai ba ne. Ka tuna lokacin da Konami, kamfanin da ke yin sa, ta sauya sunan PES zuwa eFootball a 2021, duniya ta yi ta yi masa dariya saboda fuskokin 'yan wasa da kurakurai, ga shi ya fito babu Master League. Sun gyara abubuwa da yawa daga baya, ban musa ba, amma wanda ya ce maka sabo kullum ya fi tsoho bai daɗe da riƙe manet ba.

Shi kuma na Sabon Gari da ke maganar Ronaldo, akwai masu sa faci, su sabunta 'yan wasa da riguna a kan tsohon gem. In kana son ɗan canji ba tare da ka bar injinka ba, PS3 tana ɗaukar PES har na 2018 da FIFA har na 19.

Abin da zan ce ka yi: kada ka jira su dawo da kansu, kira su. Shirya gasa daren Alhamis ko ranar Lahadi, mutum takwas, a rubuta sunaye a takarda, a jefa ƙuri'a. Dokata a shago, wadda ke sa a zage ni kullum, ita ce ba a ɗaukar Real, Barsa ko Bayern a gasa. Kowa ya ɗauki matsakaiciyar ƙungiya a ga mai hannu. Wanda bai iya cin wasa sai da ɗan gaba mai gudu, yana danna dogon fas ɗaya tun farko har ƙarshe, wannan ba gwani ba ne, ko da ya cinye unguwa. Abu ɗaya kawai: kada a sa kuɗi. Wanda aka fitar ya dafa shayi, ya isa. Da an ce dala ashirin-ashirin, an shiga caca, kuma na ga abota ta shekaru ta mutu a kan fenariti.

Wani daga Tibiri:
Duk kun manta FIFA ta fi PES tun asali.

Mai gidan gem, unguwar Zariya:
Wace FIFA? Tun 2023 EA mai yin gem ɗin ta rabu da hukumar FIFA, sunan ya koma FC. Je ka buɗe naka zancen, mu nan shawara ake nema.

Yayar wasu samari uku:
Ku yi haƙuri in sa baki duk da ban san manet ba. Ƙanena, ni abin da na ji a maganarka daban ne. Ka ce ka tara kuɗi, kuma kai tela ne. Salla na zuwa, zare da shadda na tsada, wataƙila ma keken ba naka ba ne. Abin da ka tara da allura za ka kai wa abin da kai da bakinka ka ce ba ka so, don kada a ce maka tsohon yayi?

Kuma na ga bambancin a gidanmu. Lokacin da ƙannena ke buga na talabijin, in an ɗauke wuta ko Baba ya shigo, wasa ya ƙare. Na salula ba ya da wannan birkin, yana bin yaro har cikin bargo, asuba ta wuce, a tafi lakkwal ido ja. Ba cewa nake duk mai wasa mara lafiya ne ba. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ta ce sai mutum ya kasa tsayawa, ya fifita shi kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana cutuwa, kuma galibi a ɗauki kamar shekara ana haka. Kai da ke rufe shago tukuna ka kunna, ba ka kusa da nan. Don mi za ka sayi wanda zai zauna a aljihunka kana tsakiyar yankan yadin mutane?

Tela daga Bagalam:
Na gode, Allah ya saka. Yaya, keken nawa ne, amma injin sirfani ne nake hange, kin taɓa inda ya dace. Zan gwada Free Fire a ƙaramar salulata kamar yadda ɗalibi ya ce, gasar kuma zan kira ta Lahadi. Saura abu ɗaya: manet ɗaya tana jan ɗan wasa hagu ko ban taɓa ta ba, kuma wanda ya samu ita zai ce da gangan na ba shi. Gyara ko sabuwa?

Mai gyaran salula, babbar kasuwa:
Sandar analog ce, ko ƙura ta shiga ko ta cinye. A fara buɗewa a wanke da sipirit, in bai daina ba a canza sandar kawai, ba ta da tsada. Kada ka yi saurin sayen sabuwa, yawancin na kasuwa yanzu jabu ne, za ka ji ba su da nauyi a hannu kuma batirinsu ba ya riƙe caji. Kafin Lahadi dai, a riƙa musayar manet in an tafi hutun rabin lokaci.