Shawarwari Kan Zuwa Wasan Zamiya a Farkon Hunturu

Hausawa mazauna Jidda da suka tattauna batun tafiya wasan zamiya kan dusar ƙanƙara sun yi ittifaƙi cewa watan Nuwamba ya yi wuri. Masu zuwa Gudauri, wurin wasan zamiya a ƙasar Jojiya mai nisan kimanin kilomita 120 daga Tbilisi babban birnin ƙasar, sun ce dusar farko ba ta da kauri, duwatsu kan leƙo ta ƙarƙashinta, saboda haka Janairu ya fi tabbas. Wanda hutunsa ya faɗo a Disamba, gara ya nufi wuri mai injinan samar da dusa kamar Erciyes a Turkiyya, kuma ya kama masaukin da ke mayar da kuɗi idan an fasa. Dusar dutsen Jabal al-Lawz na yankin Tabuk a Saudiyya kuwa, ta kallo ce kawai, domin ba ta daɗewa.