Neman shawara: tayoyin bayan lobed ɗinmu suna yawan fashewa a hanyar Kano zuwa Maiduguri

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon direbobin manyan motoci da makanikai a kan wata matsala da ta gagare mu.

Muna da tirela lobed (wato mai bayan da ya yi ƙasa-ƙasa, ta ɗaukar manyan injina) mai layin tayoyi uku a baya, wadda muke ɗaukar katafilar haƙa ƙasa mai nauyin kimanin tan 22 da ita daga Kano zuwa Maiduguri, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. A tafiya uku da suka wuce, duk lokacin da rana ta take muna tsakanin Azare da Potiskum, sai tayar ciki ta layin ƙarshe a ɓangaren dama ta yi zafi ta fashe, alhali sauran tayoyin lafiyarsu ƙalau.

Mun sa sababbin tayoyi, mun auna iska da sassafe kafin tashi, makaniki ya canza boris ya kuma kwance birkin wannan ƙafar ya tabbatar ba ya kamawa, amma abin bai daina ba. Direbanmu yana ganin muna jan katafilar baya da yawa domin hannunta ya kwanta ya wuce ƙarƙashin gadoji da wayoyin lantarki, shi ya sa nauyin yake taruwa a layin ƙarshe. Ni kuwa na fi zargin sifirin ɗin ɓangaren ya saki, tunda matsalar gefe ɗaya take.

Don Allah, ta yaya za mu gane wanne ne a ciki kafin mu sake loda ta? Kuma a ina ya kamata tsakiyar nauyin katafilar ta zauna a kan tirelar?