Shin Dallas ta yi daidai da ta saki Micah Parsons?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka ita ce: wane lissafi ne ya sa Dallas Cowboys ta miƙa Micah Parsons ga Green Bay Packers a watan Agustan 2025, alhali shekarunsa 26 kacal kuma shi ne ƙashin bayan tsaronta? Sannan me ɗan wasan baya yake yi har a ba shi kwantiragin dala miliyan 188 na shekara huɗu?

Malam Bashir:
Wa'alaikumus salam, Malam Nasiru. Bari in fara da tambayarka ta biyu. A wannan wasa komai yana hannun mai jefa ƙwallo, don haka bayansa babu wanda ya kai tsadar mutumin da zai iya kutsawa ya kayar da shi kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Dallas ta ɗauko Parsons daga Jami'ar Penn State a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021, shi ne na 12, kuma da farko a tsakiyar masu tsaro aka yi niyyar ajiye shi. Da DeMarcus Lawrence, mai tsaron bakin layin Dallas, ya karye a ƙafa a farkon kakar, sai kocin tsaro Dan Quinn ya tura yaron bakin layi, nan kuwa aka ga abin da ba a zata ba. Ka lura da shi idan an fara wasa: yakan yi kamar zai bi ta waje, da zarar mai tare shi ya karkata nauyinsa can, sai ya sunkuyar da kafaɗa ya faɗa ta ciki, kafin wancan ya juyo ya riga ya wuce. Ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 13 a shekararsa ta farko, aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasan baya, kuma bai taɓa yin ƙasa da 12 ba a kakanninsa huɗu na farko, abin da Reggie White kaɗai ya yi kafinsa tun da aka fara ƙidayar a hukumance a 1982. Ko a 2024, da raunin idon sawu ya hana shi wasanni huɗu, sai da ya kai 12.

Hadiza:
Duk abin da Malam Bashir ya faɗa gaskiya ne, amma ya kamata a duba ɓangaren kuɗi. NFL tana ƙayyade wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe kan albashi, kuma a 2025 iyakar ta ɗan haura dala miliyan 279. Dallas ta riga ta ɗaure kanta da mai jefa ƙwallonta Dak Prescott a kan kimanin miliyan 60 a shekara da mai cafe ƙwallo CeeDee Lamb a kan miliyan 34, ga shi ana buƙatar 'yan wasa 53. Idan aka ƙara miliyan 47 na Parsons, sauran guraben da me za a cike su? Ba kyauta suka bayar da shi ba, sun karɓi ɗan wasan baya Kenny Clark da damar zaɓe biyu a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, na 2026 da na 2027.

Umar:
'Yar'uwa Hadiza, ban yarda da wannan hujja ba. Damar zaɓe fata ce kawai, domin da yawa daga waɗanda ake ɗauka a zagayen farko ba sa kai ko rabin abin da ake tsammani, shi kuwa Parsons an riga an ga aikinsa shekara huɗu a jere. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jinkirin: da Jerry Jones, mai ƙungiyar Dallas, ya sabunta masa kwantiragi tun bayan kakarsa ta uku, lokacin da doka ta fara ba da dama, da farashin bai kai haka ba, amma aka ja maganar har Parsons da kansa ya nemi a miƙa shi ga wata ƙungiya. Green Bay kuwa ta san darajar irin wannan ɗan wasa, don ita ce ta ɗauki Reggie White a 1993, ta kuma ci kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, a kakar 1996 yana cikin masu tsaronta.