Labarin Dorugu: ya isa a koyar da tarihin bauta da shi?

Malam Sani, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Jos, kuma ina so in karanta wa ɗalibaina labarin Dorugu, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram da aka kama yana ƙarami, aka kai shi Zinder, daga nan Kukawa. Wani Bature matafiyi mai bincike, Overweg, ne ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai ya bi abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu ke kira Abdulkarim, har Timbuktu, har Landan a 1855. A Ingila ya ba Schön, ɗan mishan Bajamushe, labarinsa da baki, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885.

Ga abin da ke damuna. Kamun da aka yi masa, rabuwa da iyaye, sayarwa daga wannan hannu zuwa wancan, duk ya bi ta kansu da sauri. Amma da ya zo kan liyafar Turawa sai ya miƙe ƙafa: yadda ake zama a teburi, yadda ake shigo da abinci kala bayan kala. Daɗin karatu kam akwai, Hausarsa garau take, ta yaro mai lura. To amma in ɗalibi ya gama ya ce ashe bautar ba ta da zafi, me zan ce masa?

Hajiya Maman Ummi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka tuna fa matashi ne lokacin, yana cikin gidan wanda ke ciyar da shi, kuma alƙalamin ba a hannunsa yake ba. Schön nahawu da ƙamus yake haɗawa, jimlolin Hausa yake nema, ba hawayen yaro ba. Sannan wanda ya sha bauta ba ya son tono. A gidan kakata a Bauchi akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, an kawo ta tun tana yarinya. Kana tambayar ta garinsu sai ta ja tsintsiya ta hau shara. Har ta koma ga Allah ba mu ji sunan garin ba. Ni dai ba na ganin laifin Dorugu ko kaɗan.

Abba na Kubwa:
Malam, ka haɗa masu da na Nicholas Said. Shi ɗan Kukawa ne, ɗan Barka Gana, babban jarumin Shehu Laminu na Borno. An ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, ya kai Istanbul da Rasha, ya ƙare a Amurka. Shi da hannunsa ya rubuta nasa, aka buga a birnin Memphis na Amurka a 1873, kuma tafiyar hamada ta fito sosai a ciki. Amma shi ma ya ɓoye abu: ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta Massachusetts a 1863, a yaƙin basasar Amurka, bai ambata a littafin ba. A jihohin kudu na Amurka yake zaune, cikin waɗanda aka ci da yaƙi, su ne kuma masu sayen littafin. Kowannensu ya san wa ke sauraronsa.

Malam Sani, Anguwar Rogo:
Na gode, Hajiya. Maganar Iya ta taɓa ni. Abba, zan nemi na Said. Amma akwai abin da zai hana ni ajiye Dorugu ko da yana da giɓi: ɗalibaina sun ɗauka bauta sai jirgin ruwa da gonakin auduga a Amurka. Dorugu kuwa ba Bature ne ya kama shi ba, 'yan ƙasa ne, a kasuwanninmu aka yi cinikinsa. Dokar da ta ce duk ɗan da aka haifa a Arewa ɗa ne ba bawa ba sai 1901, soke bautar ɗungurungum sai 1936. Kakannin wasu cikin ɗalibaina sun ga wannan zamani. Shi kansa Dorugu ya dawo gida, ya yi koyarwa a makarantar Bature Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nassarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Matsalar da ta rage, rubutun Schön tsohon salo ne, yara ba za su iya bi ba. Wa ke da kwafin da aka mayar da shi rubutun boko na yanzu? Ko hoton shafukan farko ne a turo mini kafin Litinin.