Wace kalma za mu sa wa "evaluation"?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Malamai, a takardun ayyukan raya al'umma wasu na fassara "evaluation" da tantancewa, wasu kimantawa, wasu bincike. Wacce ta fi dacewa a tsaya a kanta?

Malamar ƙididdiga: Wa alaikumus salam. Tantancewa dai a ajiye ta gefe. Bahaushe ya san ta ne a wurin tace sunaye, wa ya cancanta, wa za a cire. Ma'aikaci na cewa ya zo tantancewa, mai amsawa zai ɓoye abin da yake da shi, ya ƙara wa talaucinsa gishiri don kada a goge sunansa. Alƙaluman sun gurɓace ke nan tun daga bakin ƙofa. Bincike kuma tana sa masu gudanar da shiri su ɗauka laifi ake nema, sai su gyara rajista kafin a iso.

Malamin harshe: Gaskiyarki, Malama. Kimantawa ta fi kusa, don daga kima take, kamar yadda kalmar Turancin ta fito daga daraja. Illarta ɗaya, ana amfani da ita wurin ƙiyasi da ido, alhali wannan aiki da ma'auni ake yin sa.

Jami'in fili: Ranka ya daɗe, ai abubuwa biyu ake cakuɗawa. Akwai lissafin yau da kullum: zama nawa aka yi, mutum nawa suka zo, kaya sun isa ko ba su isa ba. Wannan bibiya ce, wasu su ce sa ido. Kimantawa tambayarta daban: shirin ya dace da buƙata? Ya cim ma burinsa? Kuɗin ya tafi inda ya kamata? Ya canza wani abu? Zai ɗore bayan an janye tallafi? Waɗannan biyar su ne ma'aunan da kwamitin tallafin raya ƙasashe na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwa kan tattalin arziki da ci gaba, ya kafa ginshiƙinsu a 1991, a 2019 aka ƙara na shida, wato jituwar shirin da sauran ayyukan da ke wurin.

Malamar ƙididdiga: To ta huɗun nan, ta canji, ita ke buƙatar sunanta na kanta, ni kuwa awon tasiri nake so. Awo ba a yin sa sau ɗaya, kowa ya san awon ciki. A ce shirin koyar da karatu ne. Awon farko, yara 40 cikin 100 ke iya karanta jimla. Awon ƙarshe, 60. Kada a yi saurin cewa shirin ya ƙara 20. Sai an duba wasu yaran masu kama da su da shirin bai shafa ba, mu kira su rukunin kwatance. In su ma sun tashi daga 40 zuwa 55 saboda girma da makaranta, tasirin shirin 5 ne kacal. Inda aka fi tuntuɓe: a manta da awon farko sai aiki ya yi nisa, a canza lafazin tambaya tsakanin awo biyu, ko a ƙidaya waɗanda suka kai ƙarshe kaɗai, alhali waɗanda suka daina zuwa galibi su ne shirin bai yi wa amfani ba.

Mai tambaya: Madalla. Binciken da al'umma ke da hannu a cikinsa fa?

Malamin harshe: Ɗan'uwa, ƙaramar kalma ce ke ɗauke da nauyin: bincike tare da al'umma, ba a kan al'umma ba. Tunanin ya samo asali daga irin aikin masanin ilimi Paulo Freire na Brazil da masanin zamantakewa Orlando Fals Borda na Kolombiya. Amma sunan ba ya halatta sai mutanen sun shiga zaɓen tambayar, sun tattara bayanai, an kuma maido musu da sakamakon sun tofa albarkacin bakinsu kafin a rubuta rahoto. In raba musu takardar tambayoyi kawai aka yi, a kira shi jin ra'ayi.

Jami'in fili: Na yarda. A rubuce a sa kimanta shiri, amma a gaban jama'a a ce "mun zo mu auna tare ko aikin nan ya yi amfani", a kuma faɗa tun farko cewa amsar mutum ba za ta taɓa rabonsa ba.