Raba filin gado kashi uku a Jos, dole sai gwamnati ta sa hannu?

Ɗan Rikkos:
Salam jama'a, don Allah masu sani a taimaka min. Babanmu Allah ya ji ƙansa ya bar mana fili a Rikkos, ƙafa 100 tsawo 100 faɗi, da C of O, wato takardar shaidar fili ta gwamnati, da sunansa. Gidan da muke ciki ya cinye gaba, baya kuma fili ne kawai sai bishiyar mangwaro. Malam ya raba mana gado a gaban shaidu, har da mai unguwa, kowa ya san nasa. To yanzu Yaya yana son ya sayar da kasonsa na baya, mai saye ya ce shi sai ya ga takarda da sunan Yaya. Ni na ɗauka tunda an raba shikenan, ko ba haka ba?

Tsohon Ma'aikaci:
Allah ya gafarta wa mahaifinku. Ƙanina rabon malam daban, takardar gwamnati daban. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, C of O izinin amfani ne, galibi na shekara 99, kuma a idon ofis filinku har yau fili ɗaya ne mai lamba ɗaya. Ku fara karɓo takardar gado daga kotu, sai ku nemo safiyo mai lasisi ya auna ya dasa bikon, wato alamar iyakar fili, ya fitar wa kowane kashi da taswirarsa, sannan ku shigar da buƙata a ma'aikatar filaye da safiyo da tsara gari. Abin da za su duba shi ne kowane kashi yana da hanyar shiga, ina ruwa zai bi, akwai tazara tsakanin gini da titi, sokawen wani ba zai zauna a bakin rijiyar wani ba. Gini kuma sai hukumar raya birnin Jos, JMDB, ta amince da zane. Sayarwar ma sai da amincewar gwamna, mai sayen nan ya san abin da yake yi.

Maman Biyu:
Ɗan'uwa ku riƙe maganar hanyar nan da kyau wallahi. Mu haka aka raba namu da igiya ba a cire hanya ba, wai ai duk 'yan'uwa ne, bayan shekara biyu na gaba ya sayar, wanda ya saya ya ja katanga ya bar mana lungun da ko baro sai an karkata shi. Ranar da ciwon Hajiyarmu ya tashi da daddare Keke Napep ya kasa shiga, a bayansa ƙanina ya goyo ta har bakin titi tana nishi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na Gangare:
Gaskiya ne amma fa a faɗi ɗaya gefen, abin akwai kashe kuɗi da zirga-zirga, shi ya sa da yawa a unguwanninmu takardar mai unguwa kawai suke riƙewa. Sai dai duk wanda ya ga ambaliyar 2012 a Rikkos da Gangare ba zai yi wasa da maganar hanyar ruwa ba. Ku haɗa kuɗin ku uku, kar a bar wa mutum ɗaya.

Ɗan Rikkos:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Yanzu na fita na duba, in za a cire hanya zuwa baya ta gefena za ta bi, mangwaron ma sai an sare. Zan kira Yaya bayan isha'i, ƙafa nawa ya kamata mu bari don mota ta shiga?